Yadda Yis Yake Cin Abinci

A Lajawa ta ƙasar Wudil, da sauran garuruwan Kano, mai waina takan zuba yis cikin ƙullu da dare, ta rufe, ta ajiye wuri mai ɗumi. Kafin gari ya waye ƙullu ya tashi. Haka masu gurasa da masu burodi suke yi.

Shi yis abu ne mai rai, dangin naman kaza. Don ƙanƙantarsa, sai an jera ƙwaya wajen 5,000 kafin su cika inci guda. Wani masani na ƙasar Faransa, Luwi Pastur, shi ya nuna a 1857 cewa aikin yis aikin mai rai ne.

Kowane mai rai sai ya ci. To, yis ba shi da baki. Kowace ƙwaya tantani ya kewaye ta, kamar yadda ganuwa ta kewaye birnin Kano. A jikin tantanin akwai 'yan ƙofofi, kowace da irin abincin da ke shiga ta cikinta. Sukari yana da yawa a waje, kaɗan a ciki, saboda haka yakan shige ba wahala. Amma abincin da ya yi ƙaranci cikin ƙullu, sai ƙwaya ta yi amfani da ƙarfinta ta jawo shi.

Sitacin gari ya fi ƙarfin ƙofar nan, kamar raƙumi da kaya a bakin zaure. Sai wani sinadari da ke cikin garin ya farfasa shi ya zama sukari, sa'an nan ya shiga. In yis ya ci sukari, sai ya fitar da iska. Iskar nan ita ke kumbura ƙullu.

Ruwa kuwa yakan ratsa tantani ya nufi inda gishiri ko sukari ya fi yawa. In gishiri ya yi yawa cikin ƙullu, sai ya zuƙe ruwan ƙwaya, ta kasa aiki. Tafasasshen ruwa kuma lalata tantani yake yi, yis ya mutu, mai waina ta yi hasarar jarinta. Shi ya sa gwanaye ke kwaɓi da ruwan ɗumi.

Tambayoyi

1. Ta ina abinci yake shiga ƙwayar yis?
2. Me ke hana sitaci shiga?
3. Don me ba a kwaɓi da tafasasshen ruwa?