Zango Uku na Ɗan Aji Ɗaya

Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci ya san nauyin fensir a ranar farko. Hannun da ya saba da fartanya ko taɓarya sai ya kama rawa a kan ɗan siririn itace. To, yaronku mai shekara shida da kuka kai aji ɗaya, abin da yake fama da shi ke nan. Baƙaƙen da kuke koyo da yamma, su yake koyo da safe. Saboda haka babu wanda ya fi ku sanin inda tafiyar take da wuya.

A Najeriya an ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara na farko, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne a makarantar gwamnati. Ta kuma wajabta wa iyaye su kai yaro, mace ko namiji. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, ta ƙare a Yuli. An raba ta zango uku, kowanne kamar mako 12 ko 13, da hutu a tsakani. Ma'aikatar ilimi ta jiha ce take fitar da ranakun buɗewa da rufewa. Ku tambayi hedimasta, ku rubuta ranakun da hannunku, ku liƙa a bango.

Da safe ana kaɗa ƙararrawa, yara su yi layi a fili. A duba farce da kai da tufafi, a yi addu'a da taken ƙasa, a shiga aji. Malama za ta buɗe rajista ta kira suna. Daga nan sai darasi, kowanne kamar rabin awa, domin hankalin ƙaramin yaro ba ya daɗewa a wuri ɗaya. In an tashi tara sai a ci ɗan abin da aka zo da shi. Yaron da ya fito bai karya kumallo ba, kafin tara ya fara gyangyaɗi. Ko koko da ƙosai ne, ko ɗumamen tuwo, a ba shi kafin ya fita.

Zangon farko shi ne tushe. A makonnin farko ba a rubuta kalma. Yaro zai yi ta jan layi, yana zana da'ira, yana koyon tafiya daga hagu zuwa dama. Wanda ya fara makarantar allo ya saba farawa daga dama, don haka yakan ruɗe na ɗan lokaci. Ba daƙiƙanci ba ne, kuma yana wucewa. Sai wasula biyar: a, e, i, o, u. Sai baƙaƙe, kowanne da sautinsa. Sai a haɗa baƙi da wasali a sami gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Ranar da yaro ya haɗa ba da ba ya ji bakinsa ya ce baba, ranar ya gane abin da karatu yake nufi. Kun san wannan daɗin, kun ɗanɗana shi.

Hausa tana da sauƙi a nan, domin yawanci yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Sai dai a kula da masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Kafa daban, ƙafa daban. Bata daban, ɓata daban. Haka kuma yara da yawa suna juya b ta koma d. In kun gani a littafinsa, kada ku yi masa tsawa. Ku fita tsakar gida, ku zana masa babba a ƙasa da tsinke, ya bi da yatsa.

Abin da yake damuna da zangon farko shi ne ya faɗo daidai da kaka. A Oktoba da Nuwamba ana girbin gero da dawa, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, gida yana bukatar kowane hannu. Sai a ce yaro ya bari sai an gama. Amma malama ba ta tsayawa. In ya yi fashin mako uku, zai dawo ya tarar an wuce baƙaƙe da dama. Allo ya cika da abin da bai sani ba, kunya ta hana shi tambaya, ya koma bencin baya ya yi shiru. Ajin da yake da yara masu yawa, malama ɗaya ba za ta iya komawa baya don mutum ɗaya ba. Haka fashin ranar kasuwa yake, haka tallan safe yake ga 'ya mace. Aikin da ɗan shekara shida zai yi a gona kaɗan ne. A bar masa shi zuwa yamma, ko Asabar da Lahadi.

Lissafi ma da hannu ake fara shi. Malama takan sa a kawo tsakuwa, ko marafan kwalba, ko 'ya'yan tsamiya. Ana ƙirgawa, ana tarawa, ana ɗebewa. In an kai goma sai a ɗaure tsinke goma wuri ɗaya. Ɗauri biyu da tsinke uku, 23 ke nan. A nan yaro yake gane dalilin da ya sa 23 ba 32 ba ce. Ku da kuke auna mudu kuna ba da canji, kun riga kun iya wannan a ka. Ku sa shi ya ƙirga muku ƙwai, ko awakin da suka shigo da magariba.

Zango na biyu yana farawa a Janairu, cikin hunturu, ya ƙare cikin zafin bazara. A farkonsa makara ce matsala, a ba yaro rigar sanyi ya fita da wuri. A ƙarshensa ƙishirwa ce, a haɗa shi da gorar ruwa. Makarantu da yawa a wannan zango suke gasar wasanni, a raba yara gida-gida, kowane gida da launin rigarsa. Zango na uku yana shiga damina, lokacin shuka da noma da zazzaɓin sauro. A ƙarshensa ake jarrabawar da za a wuce aji biyu.

Kowane zango yana ƙarewa da katin sakamako. Da yawa ido yana zuwa kan abu ɗaya: na nawa ya zo? Akwai abin da ya fi wannan. A gaban kowane darasi akwai makin gwaje-gwajen da aka yi cikin zango, da makin jarrabawa, jimla 100. Wasu makarantu suna raba shi 40 da 60, wasu 30 da 70. Ke nan yaron da yake fashi ya zubar da maki tun kafin ranar jarrabawa. Akwai kuma wurin da aka rubuta sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa ya zo. In an buɗe kwana 60 ya zo 45, ya rasa 15, wato mako uku cur. A ƙasa akwai bayanin malama. Ku karanta da kanku, ko da gaɓa-gaɓa ne. In wani abu ya shige muku duhu, ku je ku same ta bayan an tashi, ku gaisa, ku ce: “Malama, a ina yake da rauni? Me za mu yi masa a gida?” In an kira taron iyaye da malamai, ku je, uwa da uba.

Kada kati ya ishe ku shaida. Yaro yana iya haddace abin da ajin yake rerawa baki ɗaya alhali bai san baƙi ba. Ku rubuta kalma uku da bai gani a littafinsa ba, kamar gero, tulu, rana, ku ce ya karanta. In ya iya, karatu ya zauna. In ya kasa, ku koma kan gaɓa tare, minti goma kullum bayan la'asar. Dogon hutu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, kuma a cikinsa yara suke mantuwa. Ku ajiye tsohon littafinsa kusa da naku, kada a yage shi a ƙunshe ƙosai. In kun ɗauko naku, ku kira shi ya ɗauko nasa.