Kwana biyu a ƙaramin otel na Yamai

1. Tafiya

Malam Isufu manomi ne a wani ƙauye kusa da Madarunfa, cikin jihar Maraɗi. Tun damina idanunsa suke damunsa. In ya dubi abu, sai ya ga kamar hazo ya rufe shi gefe da gefe. Likitan Maraɗi ya duba shi, ya ba shi takarda, ya ce ya tafi Babban Asibitin Yamai.

Malam Isufu ya sayar da rago da buhu biyu na wake. Ya biya kuɗin mota, ya ware na komowa. Abin da ya rage masa jika 70 ne. Ya ƙulle jika 40 cikin tsumma, ya ce: "Wannan na likita ne da magani. Ba mai taɓa shi." Sauran jika 30 na abinci ne da abin da ka iya tasowa.

Makaranta tana hutu. Saboda haka ya tafi da ɗiyarsa Rabi. Shekararta 11, tana aji biyar, ta iya karatun Hausa da na Faransanci. Ita ce za ta zama idonsa.

Ran Litinin da asuba suka shiga mota a Maraɗi. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne. Suka wuce Madawa, da Birnin Ƙwanni, da Dogon Dutsi, da Doso. Bayan magariba suka sauka a tashar Yamai.

2. Ba kowa a gidan Kawu

Niyyarsu su sauka wurin Kawu Sale, ƙanen uwar Rabi. Malam Isufu ya ciro salula, Rabi ta kira masa lambar. Kawu ya ce: "Ayya, Yaya! An yi wa maigidana rasuwa, muna Gaya tun jiya. Ɗakina a kulle yake, makullin yana aljihuna. Sai Juma'a zan komo."

Malam Isufu ya yi shiru. Dare ya yi, gari baƙo ne, ga yarinya, ga kuɗi a jiki. Kuma dole su isa asibiti da sassafe.

Wani saurayi ya matso, ya kama jakarsu. Ya ce: "Baba, masauki kuke nema? Na san wuri mai araha, jika 10 kawai."

Malam Isufu ya riƙe jakarsa, ya ce: "Sannu, samari. Kusa da asibiti yake?"

"A'a, can bayan gari ne. Amma akwai tasi. Ku biyu jika 1 zuwa, jika 1 komowa."

"Ana ba da abin karyawa?"

"A'a, wannan sai ku saya."

Malam Isufu ya yi masa godiya, ya ce za su yi shawara. Suka zauna wurin wani tsoho mai shayi, mutumin Tasawa. Da ya ji labarinsu, ya ce: "Malam, akwai wani ƙaramin otel a tsakiyar gari, ba nisa da Babbar Kasuwa. Ɗaki mai fanka jika 12 ne, har da shayi da burodi da safe. Daga can da ƙafa za ku je asibiti."

Malam Isufu ya ce: "Rabi, yi mana lissafi."

Rabi ta ciro alli, ta rubuta a bisa benci. Ta ce: "Baba, na bayan gari jika 10, da tasi jika 2, da abin karyawa jika 1, ya zama jika 13 a yini. Na tsakiyar gari jika 12 ne. Mai tsadar shi ne mai araha."

Mai shayi ya yi dariya, ya ce: "Wannan ɗiya taka ba a cutarta a kasuwa."

3. Masauki jiya da yau

Tun zamanin ayari, matafiyi yana bukatar wurin kwana. Fatake masu jakuna da raƙuma suna yada zango a bakin gari. Wanda ya shiga birni da haja yana sauka gidan fatoma. Fatoma yana ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, sa'an nan ya karɓi la'ada. Shi ya sa a birane da yawa ake samun unguwa mai suna Zango. A Yamai ma akwai ta, a tsakiyar gari.

Yau matafiya sun yi yawa, kuma ba kowa ne yake da ɗan'uwa ko fatoma ba. Wani ya zo asibiti, wani ya zo neman takardu, wani ya zo taro. Domin irin waɗannan aka gina otel. A otel mutum yana biyan kuɗin kowane kwana, ko an san shi ko ba a san shi ba.

Otel iri-iri ne. Akwai manya masu hawa da yawa, da ɗakunan taro, da tafkin wanka. Kwana ɗaya a cikinsu ya fi kuɗin rago. Akwai kuma ƙanana masu ɗaki 10 ko 20. A ƙaramin otel mai kyau, mai wurin ya san kowane baƙo da sunansa. Ba kayan alatu da yawa, amma akwai tsabta da kwanciyar hankali.

4. A gaban tebur

Tasi ya aje su a ƙofar otel. Gida ne mai bene ɗaya, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Bayan tebur akwai wata mata. Ta ce musu "Fofo" da Zabarmanci. Da ta ji Hausawa ne, sai ta juya harshe, ta ce: "Sannunku da zuwa, Baba. Kun sha hanya."

Malam Isufu ya tambayi kuɗin ɗaki. Ta ce mai na'urar sanyi jika 20 ne, mai fanka jika 12. Ya ce: "Mai fanka ya ishe mu. Amma mu gan shi tukuna."

Suka hau bene. Rabi ta kunna wuta, ta kunna fanka. Ta murɗa famfo, ruwa ya zo. Ta ɗaga zanen gado, ba kuɗin cizo. Ta duba sange, ba huji. Ta gwada makulli, ƙofa ta kulle. Gado biyu ne. A bango an rataye luru na saƙar hannu, da ƙwarya mai zane. A ƙasa akwai tabarmar kaba. Malam Isufu ya shafa tabarmar, ya ce: "Wannan irin ta gida ce."

Da suka sauko, matar ta miƙo takarda, ta ce: "Kowane baƙo yana cika wannan. Ku ba ni kuma katin ɗan ƙasa."

Malam Isufu ya kusanto da takardar ga idonsa, bai ga kome ba. Ya miƙa wa Rabi. Tana karantawa da Faransanci, tana faɗa masa da Hausa.

"Nom et prénom. Baba, sunanka suke so. Profession, wato sana'arka. Zan rubuta cultivateur. Venant de, daga ina muka fito. Allant à, ina za mu."

Ta cika takardar sarai, Baba ya sa hannu. Ya biya jika 24 na kwana biyu. Rabi ta ce: "Inna, a ba mu takardar shaidar biya." Matar ta rubuta resi, ta buga hatimi, ta ba su tare da makulli mai lamba 7.

5. Tsakiyar birni

Da dare Rabi ta leƙa ta taga. Fitilu ko'ina, motoci da babura ba su daina wucewa ba. A ƙauyensu, bayan isha'i sai kukan gyare. Nan kuwa kamar rana ba ta faɗi ba. Baba ya sa ƙullin kuɗinsa ƙarƙashin matashin kai, suka saki sange, suka yi barci.

Ran Talata suka sha shayi, suka fita da ƙafa. Rabi tana riƙe da hannun Baba, tana karanta allunan hanya. Kafin su tsallaka kwalta, tana duba hagu da dama. Kafin ƙarfe 7 suna cikin layi a asibiti. Likita ya duba idanun Baba, ya ce su komo gobe don a auna su da na'ura.

Da rana suka shiga Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda ke kusa da asibitin. An kafa shi a 1959, yau yana ɗauke da sunan Bubu Hama. Rabi ta ga zaki da dorina. Ta ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu tun kafin a yi mutane, waɗanda aka tono a arewacin Nijar. Ta ga busasshen itacen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai cikin hamada har mota ta buge shi a 1973. Duk abin da ta gani tana bayyana wa Baba.

Daga nan suka hangi kogin Kwara da gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Wani ma'aikacin gidan ya gaya musu cewa Damagaram ce babban birnin ƙasa a dā, sai a 1926 aka maido shi Yamai. A kan hanyar komawa suka ratsa ta gefen Babbar Kasuwa. Gobara ta cinye ta a 1982, aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. A bakin kasuwar suka ci shinkafa da wake, don abincin titi ya fi na otel sauƙi.

6. Takardar bayan ƙofa

Ran Laraba da safe Baba ya ce: "Mu bar kaya a ɗaki. In mun komo daga asibiti da la'asar sai mu kwashe."

Rabi ta je rufe ƙofa, sai ta ga wata takarda manne a bayanta. Ta karanta: La chambre doit être libérée avant midi. Ta sake karantawa. Ta ce: "Baba, tsaya! An ce a bar ɗaki kafin ƙarfe 12 na rana. In mun wuce, za a lissafa mana kwana na uku."

Baba ya ce: "Ashe kwanan otel da tsakar rana yake ƙarewa? Nawa ya rage mana?"

"Jika 2 cikin kuɗin abinci. In aka ce mu biya jika 12, sai mun ciro jika 10 daga kuɗin magani."

Nan da nan suka haɗa kaya, suka sauka. Malam Isufu ya ce wa matar: "Ɗiyata, ga makullinku. Ko za ku ajiye mana jaka har la'asar?"

Ta ce: "Ba kome, Baba, wannan ba a biya." Ta ɗaura wa jakar takarda mai sunansa, ta sa ta bayan tebur.

A asibiti layi ya yi tsawo. Sai ƙarfe 2 suka fito. Likita ya ce ciwon hawan jinin ido ne. Ya ce abin da ido ya rasa ba ya komowa, amma magani yana tsare abin da ya rage. Ya rubuta maganin ɗigawa kullum, ya ce su komo bayan wata uku. Awo da magani suka ci jika 38.

Da suka je ɗaukar jaka, Malam Isufu ya yi wa matar godiya. Rabi ta rubuta lambar wayar otel a bayan littafinta, saboda zuwa na gaba. Motar Maraɗi da asuba take tashi, don haka suka tafi tasha, suka jira a bisa tabarma tare da sauran matafiya. Baba ya taɓa kwalbar magani a aljihunsa, ya ce: "Rabi, rabin wannan kwalba karatunki ne ya saya."

Kalmomi

Fatoma: mutumin da ke saukar da fatake a gidansa, yana taimakonsu ciniki.
La'ada: ɗan kuɗin da ake ba wanda ya haɗa mai saye da mai sayarwa.
Sange: gidan sauro.
Resi: takardar da ke nuna an biya kuɗi.
Jika: tamma 1000, wato dala 200.

Tambayoyi

1. Me ya kai Malam Isufu Yamai?
2. Don me ba su sauka gidan Kawu Sale ba?
3. Waɗanne tambayoyi Malam Isufu ya yi wa saurayin tasha?
4. Ku faɗi abubuwa biyar da Rabi ta duba cikin ɗaki.
5. Mene ne bambancin gidan fatoma da otel?
6. Me zai faru da Rabi ba ta karanta takardar bayan ƙofa ba?

Lissafi

1. Ɗaki mai na'urar sanyi jika 20 ne, mai fanka jika 12. Nawa ne bambancinsu a kwana biyu?
2. Jika 12 tamma nawa ce? Dala nawa ce?
3. Cikin jika 40 an kashe jika 38. Dala nawa suka rage?

Abin riƙewa

Matambayi ba ya ɓata. Baƙo ya tambayi kuɗin ɗaki, ya haɗa da kuɗin mota da na abinci, ya ga ɗakin da idonsa kafin ya biya. Ya karɓi resi, ya karanta duk abin da aka rubuta.

Aikin gida

Ku zana takardar baƙo cikin littafinku. Ku rubuta tambayoyinta da Faransanci a hagu, da Hausa a dama. Ku cika ta da sunan wani babba na gidanku. Ku tambaye shi kuma inda matafiya suke sauka a garinku lokacin da yake yaro.