Ƙiyasin Kuɗin Ƙera Jirgin Sama Tun Yana Kan Takarda

1.0 Gabatarwa

Maginin da aka kira ya tayar da soro a Kagara ko Wurno yakan faɗi yawan tubali da azara da kwanakin aiki tun ba a haƙa harsashi ba, domin ya gina irinsa sau da dama. Shi kuwa injiniyan sabon jirgin sama, abin da ake so ya yi wa kuɗi ba a taɓa ƙera irinsa ba. Duk da haka tilas ya ba da adadi, domin a kansa ne hukuma za ta yanke shawarar ci gaba ko fasawa. Wannan maƙala za ta duba hanyoyin wannan ƙiyasi da inda sukan gaza.

2.0 Hanyoyin Ƙiyasi

Hanyoyi uku ne fitattu. Ta farko ita ce kwatance, watau a ɗauki kuɗin wani jirgi mai kama da sabon, a ƙara ko a rage. Ta biyu ita ce lissafi bisa siffofi, kamar nauyin gangar jirgin da iyakar gudunsa da yawan da za a ƙera. Cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta yi fice a nan cikin shekarun 1960, bayan ta tattara bayanan jiragen soja masu yawa. Ta uku ita ce ƙirga kowane ƙarfe da ƙusa da sa'ar aiki. Ita ta fi kusa da gaskiya, amma ba ta yiwuwa sai zane ya kammala, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Saboda haka a farkon zane biyun farko ake dogara da su, alhali dukkansu da abin da ya gabata suke auna abin da bai zo ba.

3.0 Tasirin Yawa

A 1936 wani injiniya Ba'amurke, Theodore Wright, ya nuna cewa duk sa'ad da yawan jiragen da aka ƙera ya ninka, matsakaicin aikin da ke shiga kowane ɗaya yakan ragu da kimanin kashi 20 cikin 100. Alal misali, idan na farko ya ci sa'a 1,000, matsakaicin guda biyu zai zama 800, na huɗu 640, na takwas 512. Maƙerin Goronyo ma ya san garma ta ɗari ta fi ta fari saurin fita daga maƙera. Har ila yau, kuɗin zane da gwaji a kan dukkan jiragen ake raba shi.

4.0 Misalai Biyu

A 1962 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar ƙera Concorde, jirgin fasinja mai ninka gudun sauti sau biyu. An ƙiyasta fam miliyan 150 zuwa 170, amma abin da aka kashe ya haura fam miliyan 1,000. Babu jirgin fasinja da za a kwatanta shi da shi, sa'an nan guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka yi jigila.

A Kaduna kuwa, kamfanin AIEP ya ɗauki zanen ƙaramin jirgin nan RV-6A na Amurka ya gyara, ya samar da Air Beetle guda 60 domin horar da matuƙan Sojojin Saman Nijeriya. Da yake zanen sananne ne, akwai abin kwatance tun farko.

5.0 Kammalawa

Nijeriya ta ƙaddamar da jirage marasa matuƙi a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Duk aiki irin wannan yana buƙatar a amsa tambaya biyu kafin a saki kuɗin jama'a: me ke cikinsa da ba a taɓa yi ba, kuma guda nawa za a ƙera? Idan sabon abu ya yi yawa, adadin kuma ya yi kaɗan, to, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.