Taswirar Intanet da Tsare Namun Daji: Nazari a kan Dajin Yankari

1.0 Gabatarwa

Taswirar takarda takan nuna dutse da kogi da hanya, wato abubuwan da ba su motsi. Ita kuwa dabbar dawa yau tana nan, gobe tana can. Don haka ne masu kula da gandun daji suka koma ga taswirar da ake ajiyewa a kwamfuta, ana buɗe ta ta intanet, ana kuma ƙara mata bayani kullum. Wannan maƙala za ta duba matakan kafa irin wannan taswira, tare da ɗaukar Dajin Yankari a matsayin misali. Manufarta ita ce a nuna cewa ingancin taswirar bai dogara ga na'ura kawai ba, ya fi dogara ga mutanen da suke kawo mata labari da waɗanda aka yarje wa su duba ta.

2.0 Dajin Yankari

Yankari yana cikin Jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sa'an nan ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Akwai giwa da zaki da ɓauna da gwanki da kanki da dorina a cikinsa. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, kuma da rani yawancin dabbobin a bakinsa suke taruwa.

Dajin ba shi da shinge, ga kuma ƙauyukan manoma da rugagen makiyaya kewaye da shi. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye 348, amma bayan kimanin shekaru goma sai aka ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba, galibi saboda masu farautar haure. Waɗanda suka ragu kuwa sukan fita da damina su shiga gonaki, har garke guda ya cinye wahalar shekarar magidanci a dare ɗaya. Ashe ke nan hasara ta fuska biyu ce, kuma duka biyun suna rataye da tambaya guda: a ina giwayen suke, a kuma wane lokaci?

3.0 Matakan Kafa Taswirar

3.1 Tantance Tambaya

Matakin farko shi ne a san shawarar da ake so taswirar ta taimaka a yanke. A Yankari ana iya kasa ta gida uku: ina ya kamata a tura masu sintiri, wane ƙauye ne za a gargaɗa, kuma wane ɓangare na dajin ne ke lalacewa. Duk bayanin da bai amsa ɗaya daga cikin waɗannan ba, tara shi ɓata lokaci ne.

3.2 Shimfiɗa Fallaye

Ana gina taswirar ne falle-falle, kamar a ɗora ledoji garai-garai ɗaya bisa ɗaya, kowace da zanenta. Falle na ƙasa shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Hotunan Landsat na Amurka, waɗanda aka fara ɗauka a 1972, sun zama kyauta tun 2008, saboda haka ana iya kwatanta dajin yau da na shekaru arba'in da suka wuce. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10. Irin wannan hoto ba ya nuna giwa, amma yana nuna ruwa da ƙonannen daji da sabuwar gona.

A bisa wannan sai a ɗora fallen iyakar gandu, da na koguna da mashaya, da na hanyoyi da burtalai, da na ƙauyuka, da na tsirrai, wato inda kawo ko marke ko taramniya suka fi yawa. Manhajar QGIS, wadda kyauta ce, ta isa wannan aiki. Sai dai akwai abin lura: tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya an auna su ne daga wani ma'auni da ke Minna, alhali na'urar GPS tana bin ma'aunin duniya na WGS 84. Idan ba a daidaita su ba, iyaka takan goce da mitoci masu yawa, har gonar da ke waje ta bayyana a cikin gandu. Ƙaramin kuskuren lissafi na iya jawo wa manomi kamu.

3.3 Labarin Sintiri

Falle mai rai shi ne wanda masu gadin daji suke cikawa. Kowane ayarin sintiri yana riƙe da waya ko na'urar da ke rubuta sawunsa. In sun ga tarko, ko sansanin mafarauta, ko mushe, ko kashin giwa, ko garken shanu, sai su shigar da shi tare da wurinsa da lokacinsa. Manhajar SMART, wadda gamayyar ƙungiyoyin kare namun daji suka fitar a 2013, don wannan aka ƙera ta. An yi amfani da ita a Yankari, inda ƙungiyar WCS ta Amurka ta ƙulla yarjejeniyar kula da tsaron dajin da Gwamnatin Bauchi a 2014. Har ila yau, a 2019 an ɗaura wa wasu giwaye wani abin wuya mai aika matsayinsu ta tauraron ɗan'adam. Da yake giwaye mata a garke suke tafiya, abin wuyan guda ɗaya yakan nuna inda garken duka ya dosa.

3.4 Sanin Mutanen Wuri

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon maharbi ya san mashayar da ba ta ƙafewa, makiyayi ya san burtalin da aka toshe, manomi kuma ya san kwarin da giwaye suke bi su fito. Ana zama da su a gaban babban hoton dajin, su nuna, a zana. Wajibi ne kuma a rubuta sunayen wurare yadda mutanen wurin suke faɗinsu, da ingantacciyar ƙa'idar rubutu, domin gargaɗin da ya zo da jerin lambobi ba ya fid da kowa daga ɗaki. A Yankari an zaɓi wasu mazauna ƙauyuka aka ba su wayoyi, suna kai rahoton motsin giwaye, suna kuma isar da gargaɗi ga 'yan'uwansu.

3.5 Wa Zai Gani?

Nan ne gizo yake saƙar. Taswirar da ta nuna wa mai gadi inda giwa take, ita ce za ta nuna wa mai neman haure. Saboda haka ake kasa izini hawa-hawa. Jama'a su ga iyaka da tsirrai da hanyoyi. Masu bincike su ga tsohon bayani da aka dusashe wurinsa. Matsayin dabba na yanzu da jadawalin sintiri kuwa, sai 'yan ƙalilan da aka amince wa.

4.0 Matsaloli

Babbar matsala ita ce fassara farin fili. Idan wani yanki na taswirar bai nuna tarko ko ɗaya ba, mai yiwuwa ne babu tarko, mai yiwuwa kuma ba wanda ya je can. Dole ne a riƙa auna yawan abin da aka gani da yawan kilomitocin da aka taka. Ban da wannan, gizagizan damina sukan rufe wa tauraro ido daidai lokacin da giwaye suka fi fita. Akwai kuma ƙarancin lantarki da na layin waya, wanda ke sa a zaɓi manhajar da ke aiki ba intanet, ta aika bayani daga baya. Daɗin daɗawa, batirin abin wuya yakan mutu cikin 'yan shekaru, kuma sauya shi sai da likitan dabbobi da kuɗi mai yawa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kafa taswirar yana farawa da tambaya, ya bi ta kan fallaye da labarin sintiri da sanin mutanen wuri, ya tuƙe ga tsare sirri. Taswira ba ta kwance tarko, ba ta kuma korar giwa daga gona. Aikinta shi ne ta tattara labarin da ke warwatse, ta kai shi ga wanda zai iya yin wani abu tun lokaci bai ƙure ba. Ma'auninta na gaskiya guda biyu ne: yawan giwayen da suka ga wata damina, da yawan rumbunan da suka cika a ƙauyukan da ke gefen dajin. Idan ɗaya ya ƙaru ɗaya ya ragu, to da sauran aiki.