Yadda Ake Yin Ƙananan Sosej Rol Don Walima da Baƙin Hantsi

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson motoci a Legas, ko ya jira mota ta cika a tasha, ya san Gala, wadda kamfanin UAC ya fara sayarwa tun 1962. Wannan naɗi na nama cikin fulawa daga Ingila ya zo mana. A can galibi da naman alade ake cika shi, don haka idan sosej ɗin kanti za ki saya, uwargida, karanta abin da aka rubuta a jikin leda tukuna. Ni dai na fi son a niƙa naman shanu a haɗa a gida. Ya fi araha, kuma kin san abin da kika ba baƙinki.

Abu biyu ne ke sa sosej rol ya yi kyau: kwaɓi mai sanyi, da nama mai ɗan kitse wanda zai shiga tanda ɗanye. Ga ma'aunin da zai ba ki ƙanana kamar guda 40.

Na kwaɓi: fulawa giram 500, bota mai sanyi giram 250, gishiri ƙaramin cokali 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, ruwan sanyi kamar rabin kofi, da ƙwai 1 na shafawa.

Na ciki: niƙaƙƙen nama giram 500, albasa 1, tafarnuwa, citta, masoro, gyaɗar ƙamshi kaɗan, attaruhu 1, dunƙule 2, da garin busasshen burodi babban cokali 4.

Mataki na 1: Kwaɓi

Ki tankaɗe fulawa da gishiri da bekin foda a roba mai faɗi. Ki yayyanka botar ƙanana ki zuba, sannan ki riƙa murtsuke ta cikin fulawar da kan yatsunki, ba da tafin hannu ba, domin zafin tafi yana narkar da ita. Ki tsaya da zarar haɗin ya yi kama da garin rogo mai tsaki-tsaki. Waɗannan 'yan guntayen bota da suka rage su ne za su narke a cikin tanda, tururinsu ya buɗe ƙananan ƙofofi, ɓawon ya fito da garas-garas.

Sai ruwa, cokali-cokali, kina tattarawa har ya dunƙule. A nan mata da yawa ke ɓata aikinsu, saboda hannu ya saba da bugun kwaɓin fanke da na burodi. Wannan ba ya son bugu. Yawan murza fulawa da ruwa yana tayar da danƙonta, kuma danƙon nan ne ke sa rol ya yi tauri, ya kuma tsuke a wuta. Da ya haɗu, ki cire hannu. Ki naɗe shi a leda, ki sa a firji minti 30. In babu wuta, ki ɗora ledar a kan ƙanƙara cikin kula.

Mataki na 2: Naman ciki

Ki ce wa mahauci ya bar kitse kamar kashi ɗaya cikin biyar kafin a niƙa. Tsoka zalla bushewa take yi. Ki goga albasa ki matse ruwanta, ki daka tafarnuwa da citta da attaruhu, ki haɗa duka da naman da sauran kayan ƙamshi. Garin burodin ba don ƙara auki aka sa shi ba. Shi ke shanye romon da nama zai fitar, ya hana shi jiƙa ƙasan ɓawon. Wannan kam ki cakuɗa shi sosai har ya yi danƙo, don ya zauna wuri ɗaya idan an yanka.

Kada ki soya naman kamar na cikin samosa. In kika soya, zai warwatse ya riƙa zubowa daga gefe. Amma ki gutsuri kaɗan ki soya a kasko ki ɗanɗana, tunda bayan an naɗe babu damar ƙara gishiri.

Mataki na 3: Naɗi

Ki raba kwaɓin gida 4, ki ɗauki ɗaya, sauran su ci gaba da zama a sanyi. Ki barbaɗa fulawa a tebur, ki murza shi da muciyar murji ko kwalba mai tsafta, ya yi tsawo, faɗinsa kamar santimita 10, kaurinsa kamar milimita 3. In ya fi haka kauri, waje zai yi ja alhali ciki bai gasu ba.

Ki mulmula naman ya yi dogo, kaurin babban yatsa, ki shimfiɗa shi a tsawon kwaɓin kusa da gefe ɗaya. Ki shafa ƙwai a ɗaya gefen, ki naɗe, mahaɗin ya koma ƙasa. Sannan ki yanka da wuƙa mai kaifi, kowanne santimita 4 ko 5, yadda baƙo zai ɗauka da yatsu biyu ba tare da neman faranti ba. Idan kwaɓin ya saki yana manne wa wuƙa, ki mayar da shi sanyi na minti 10.

Mataki na 4: Gashi

Ki kunna tanda ta kai digiri 190 kafin ki sa komai. Tanda mai sanyi narkar da bota take yi, ki tarar da rol yana iyo cikin mai. Ki jera su a tire da ɗan tazara, ki tsaga saman kowanne sau biyu don tururi ya fita, ki shafe da ƙwai. Riɗi ko habbatus sauda a kai yana ƙara musu kyau. Minti 25 zuwa 30 ya isa. Ki ɗaga guda ki duba ƙasansa ya yi ja, ki tsaga shi ki tabbata babu sauran jan nama a tsakiya.

Wadda ba ta da tanda ta zuba yashi mai tsafta a babbar tukunya, ta ɗora ƙarfe ko duwatsu uku a kai, ta rufe ya yi zafi minti 10, sannan ta ɗora tiren. Wuta matsakaiciya, kuma ban da yawan buɗe murfi. Gashin yakan ɗan fi daɗewa.

Ranar taro

Amfanin wannan abinci ga mai suna ko walima shi ne ba sai ranar za a yi wahalarsa ba. Ki naɗe, ki yanka, ki jera a tire ki sa a firiza su daskare, sannan ki juye a leda. Ranar da baƙi za su zo ki gasa su a daskarensu, ki ƙara minti 10 a kan lokacin. Amma inda wuta ke yawan ɗaukewa, kada ki ajiye ɗanyen nama haka. Gara ki gasa da daddare, ki ɗumama da safe a tanda na minti 8.

Da sun fito, ki bar su su sha iska a kan raga. Kada ki zuba su da zafinsu a kula ki rufe, gumi zai kashe garas ɗin nan da kika sha wahala a kansa. Ki kai su da ɗumi, da yajin ƙuli a gefe ko miyar tumatir mai kauri, da shayi in hantsi ne, da zoɓo mai sanyi in da yamma ne. Ki ƙiyasta guda 3 ko 4 ga kowane baƙo, in kuma akwai yara a gidan, ki ɓoye tire ɗaya har sai manya sun zauna.