DARASI: YADDA AKA ƘIRGA YAƘIN DA KE CIKIN JINI DA KWAMFUTA

Ya ku ɗalibai, mas'alarmu ta yau ita ce: ta yaya likita zai san abin da ke gudana tsakanin ƙwayar cuta ta bairos da garkuwar jiki, alhali ba ya ganin su da ido? Hanya ɗaya ita ce lissafi. Ana rubuta ƙa'idoji: ƙwaya nawa ke fitowa, nawa ke halaka, ƙwayoyin jini nawa suka kamu. Sai a ba kwamfuta ta bi ƙa'idojin sa'a bayan sa'a, a kwatanta abin da ta fitar da jinin majinyaci na haƙiƙa.

Mu ɗauki ƙanjamau. Kafin 1995 masana da yawa sun zaci ƙwayar tana lafawa ne tsawon shekaru bayan ta shiga jiki, domin adadinta a jini ba ya cika canjawa. To, amma ku yi tunanin randa mai yoyo wadda ake ta zuba mata ruwa. In zubin da yoyon sun yi daidai, mai leƙawa zai ce ruwan a tsaye yake. Yaya za a san ƙarfin yoyon? A daina zubi, a ga saurin raguwar ruwan.

Abin da likita David Ho na birnin Niyok da Alan Perelson na cibiyar Los Alamos a Amurka suka yi ke nan. Sun ba majinyata 5 maganin ritonavir, mai hana fitowar sababbin ƙwayoyi masu kama wasu, suka riƙa auna jini akai-akai, suka shigar da adadin cikin lissafi. Sakamakon da suka buga a 1996 ya nuna jiki ɗaya na fitar da ƙwayoyi wajen biliyan 10 kullum, kuma rabin waɗanda ke yawo a jini na gushewa cikin kamar sa'a 6. Ashe ba barci ake ba, yaƙi ne dare da rana!

Fa'idar wannan babba ce. Ƙwayar tana yawan kuskure in tana kwafar kanta, don haka cikin biliyan 10 ba a rasa wadda magani guda ba ya ci. Shi ya sa daga 1996 aka koma haɗa magunguna 3 tare, mutuwa ta ragu ƙwarai.

Sai dai ku lura, kwamfuta ba ta san abin da ba a gaya mata ba. A 1997 irin wannan lissafi ya ƙiyasta cewa shekara 2 zuwa 3 na shan magani za su iya share ƙwayar daga wuraren da aka sani. A shekarar kuwa aka tabbatar tana ɓuya cikin wasu fararen ƙwayoyin jini masu hutawa, waɗanda lissafin bai ƙunsa ba. Da aka auna su, sai aka ga rabinsu ba ya ƙarewa sai bayan wata 44, wato share su duka zai ci sama da shekara 60. Dalilin da ya sa ake gaya wa mai ɗauke da cutar kada ya ajiye magani ko da an daina ganin ƙwayar a gwajin jininsa ke nan.