Darasi na Tara: Ziyara Zuwa Alberobello, Garin Gidajen Dutse a Italiya

9.1 Gabatarwa

Ɗalibin da ya yi nazarin ginin gargajiya na Hausawa ya riga ya san tubali da azara da makuba, ya kuma san cewa magini da abin da ƙasarsa ta ba shi yake aiki. Wannan sani yana ƙara zauna wa mutum idan ya ga yadda wata al'umma, wadda dutse ya fi komai yawa a ƙasarta, ta sama wa kanta muhalli. Don haka wannan darasi zai bi sawun mai ziyara zuwa Alberobello, wani ƙaramin gari a kudancin Italiya wanda ya shahara da gidajen dutse masu tsinin rufi. Abin da ake bukata shi ne ɗalibi ya koyi duban gini da idon nazari, ya iya rarrabe abin da ginin ya tabbatar da abin da 'yan rakiyar baƙi suke faɗa.

9.2 Hanya da Yanayin Ƙasa

Idan aka dubi taswirar Italiya za a ga ta yi kama da takalmi mai dogon wuya, to yankin Puglia shi ne dunduniyar takalmin. Alberobello yana kudu maso gabas da Bari, babban birnin yankin, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota, kuma mazaunansa ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Tun kafin a isa garin matafiyi zai riƙa ratsa gonakin zaitun da na inabi, an kewaye su da gajerun katangun dutse, a tsakiyar gonakin kuma ga 'yan ɗakuna masu tsinin kai jefi-jefi. Irin wannan ɗaki shi ake kira "trullo", jam'insa "trulli", kalmar da ta samo asali daga sunan ƙubba a harshen Girkanci.

Katangun nan su ne abin lura na farko. Ƙasar wannan tudu, wanda ake kira Murge, 'yar shimfiɗa ce kawai a kan farin dutse irin wanda ake ƙonawa a sami farar ƙasa. Duk inda manomi ya kafa garma sai ta tono dutse, dole ya tsince shi ya tara a gefe kafin ya sami wurin shuka. Dutsen kuma falle-falle yake ɓarewa, saboda haka yana da sauƙin jerawa. Bugu da ƙari, yana da kafofi, da zarar ruwan sama ya sauka sai ya zurare ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa tudun ba shi da koguna. Ruwan babban bututun da aka jawo wa yankin bai isa birnin Bari kansa ba sai a 1915. Yawan dutse da ƙarancin ruwa su ne suka zana siffar gidan da mai ziyara zai tarar.

9.3 Yadda Ake Gina Trullo

Magini, wanda ake kira "trullaro", yakan fara da haƙa rami ya mayar da shi rijiyar tara ruwan sama, duwatsun da ya fitar kuma su shiga cikin kayan aiki. Daga nan sai ya tayar da bango ruɓi biyu, na ciki da na waje, ya cike tsakaninsu da tsakuwa da ɓaraguzai. A ginin asali babu kwaɓi, nauyin dutse da iya jeri ne suke riƙe komai. Kaurin bangon yakan kai mita 1, wani ma ya haura mita 2.

Gwanintar tana wajen rufi. Magini yana jera duwatsu a zagaye, sahu bisa sahu, kowane sahu ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙarƙashinsa, har zagayen ya tsuke ya zama ɗan ramin da faifan dutse ɗaya zai rufe. Ba ya bukatar azara ko katakon tallafi, domin idan sahu ya zagayo ya haɗe, duwatsunsa sun tokare juna ke nan, ba wanda zai sami hanyar faɗawa ciki. Wannan shi ne rufin ciki. A bayansa sai a lulluɓe da siraran fallayen dutse da ake kira "chiancarelle", a ɗan karkatar da su waje yadda ruwa zai gangara ya bi indararon dutse ya zuba a rijiya. Daga nesa rufin ya yi kama da jinkar ɗakin ƙauye, sai dai shi ruwan toka ne, kuma a ƙololuwarsa akwai ɗan sassaƙaƙƙen dutse mai siffar ƙwallo ko faifai, wanda yake yi wa gidan irin adon da zanko yake yi wa soro.

Kowane tsini ɗaki ɗaya yake rufewa, idan iyali suka ƙaru sai a jingina wani a jikin na farko a fasa ƙofa tsakaninsu. Ke nan mai ziyara yana iya ƙiyasta ɗakunan gida tun daga titi ta hanyar ƙirga tsinayensa. A ciki akwai babban ɗaki a tsakiya, da lunguna a cikin kaurin bango inda ake sa gado ko murhu, sai ɗan benen katako a sama don ajiya ko kwanan yara. Tagogi ƙanana ne kuma kaɗan, bango kuwa fari fat da farar ƙasa. Da bazara gidan yana da sanyi mai daɗi. Da hunturu kuwa danshi yakan kama bango, ɗumama ɗakin ya yi wuya, abin da hotunan tallar garin ba sa nunawa.

A kan wasu rufin za a ga zane da farar ƙasa: gicciye, ko rana, ko zuciya da kibiya. Masu shaguna suna da bayani a kan kowane ɗaya, amma da yawa daga cikin zanen da ake gani a manyan titunan garin an yi su ne a ƙarni na 20 da bayansa, lokacin da ake gyaran rufin.

9.4 Labarin Haraji

Babu baƙon da zai bar Alberobello bai ji labarin haraji ba. Ana cewa basaraken da ya mallaki ƙasar ya hana talakawansa gini da kwaɓi don kada ya biya Sarkin Napoli harajin kafa sabon gari. Idan aka ji labarin jakadun sarki suna tafe, sai a zare dutse ɗaya daga kowane rufi, gidaje su zube, jakadu su tarar da tsibin duwatsu su koma, washegari a sake jerawa.

Labarin yana da tushe. Ƙasar tana hannun gidan sarautar Acquaviva na garin Conversano, su ne suka zaunar da manoma a cikin dajin da yake wurin. Giangirolamo na II, wanda ya rayu daga 1600 zuwa 1665, ya gina masauƙi a wurin a 1635, matsugunin ya bunƙasa a zamaninsa. Haka kuma dokar masarautar Napoli ta bukaci izinin sarki da biyan kuɗi kafin a kafa sabon gari. Mutanen wurin sun zauna a ƙarƙashin wannan gida har ranar 27 ga Mayu, 1797, lokacin da Sarki Ferdinando na IV ya amsa kokensu ya mayar da Alberobello garin da yake ƙarƙashinsa kai tsaye. A wannan shekarar aka gina Casa D'Amore da kwaɓi, gidan da yake tsaye har yau, da rubutun Latin a goshinsa mai nuna cewa shi ne gini na farko da aka yi da izinin sarki.

Sai dai wanda ya fahimci sashe na 9.3 zai ga inda labarin ya yi tuntuɓe. Rufin da kowane sahunsa yake tsaye da kansa ba ya zubewa don an cire dutsen ƙololuwa, rami kawai zai buɗe. Bangon da ya kai kaurin mita 1 kuwa ba a rushe shi da dare a tayar da safe. Sannan fasahar ta girmi Giangirolamo, domin kusa da garin Locorotondo akwai trullo mai ɗauke da shekarar 1559, kuma ana samun ɗakunan dutse masu irin wannan jeri a kudancin Faransa da wasu ƙasashen Turai da gidan Acquaviva bai taɓa mulka ba. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne manoma sun zo da fasahar daga gonakinsu, hanin basarake kuma ya sa ɗakin gona ya zama gidan gari, ya daɗe a haka. Wannan bayani bai kai na farko daɗin ji ba, shi ya sa bai kai shi yaɗuwa ba.

9.5 Unguwanni Biyu

Gidajen sun fi taruwa a unguwanni biyu. Rione Monti tana kan gangaren tudu, da trulli kimanin 1,030, a samanta kuma akwai majami'ar Sant'Antonio da aka kammala a 1927 da siffar trullo. Aia Piccola, wadda sunanta yake nufin ƙaramar masussuka, tana da kimanin 590. Gwamnatin Italiya ta sa Monti cikin kayan tarihi na ƙasa a 1910, Aia Piccola kuma a 1930, sannan a 1996 hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Can gefe ɗaya akwai Trullo Sovrano, na ƙarni na 18, mai hawa biyu da tsayin kimanin mita 14, wanda aka mayar gidan kayan tarihi. Nan ne ya fi dacewa baƙo ya ga cikin gida ba tare da ya takura kowa ba.

Bambancin unguwannin biyu ya isa abin nazari. A Monti gidaje da dama sun zama shagunan tsaraba da wuraren cin abinci da masauƙan baƙi, da rana titunanta ba masaka tsinke. Aia Piccola kuwa shiru take, da sauran iyalai a cikinta, akan ga shanya a igiya da tukwanen furanni a bakin ƙofa. Ladabin shiga cikinta ladabin shiga unguwar mutane ne: ba a leƙen ƙofa, ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa.

A da, zama a trullo alamar talauci ce, iyalai da yawa da suka sami hali sun koma gidajen zamani. Doka ta hana sauya siffar ginin, gyaran rufi yana da tsada, ƙwararrun masu jerin dutse kuma kaɗan ne, ko da yake a 2018 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun da ya kamata a raya. Kuɗin baƙi ne suke biyan gyaran da ya hana gidaje da yawa rushewa, su ne kuma suke sa mai gida ya ga ba da hayarsa ga masu yawon buɗe ido ya fi masa riba a kan zama a ciki. Tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Agadas suna fuskantar tambayar da ta yi kama da wannan, wato wa zai ci gaba da zama a gidan gargajiya, wa kuma zai biya gyaransa.

Malamin da zai kai ɗalibansa Gidan Makama a Kano ko hasumiyar Gobarau a Katsina zai haɗu da irin labarin haraji, domin tsohon gini ba ya rasa hikaya. Bai kamata ya hana yara jin ta ba, ita ma adabin baka ce mai daraja. Abin da ya dace shi ne ya sa su rubuta abin da aka faɗa musu a shafi ɗaya, abin da suka gani suka auna a wani shafin, sannan a koma aji a gwama.

9.6 Tambayoyi

1. Bayyana yadda rufin trullo yake tsayawa ba tare da azara ba, sannan ka kwatanta shi da rufin soro.
2. Waɗanne sassa na labarin haraji ne suke da hujjar tarihi?
3. Zaɓi wani tsohon gini a garinku, ka rubuta hikayar da ake bayarwa a kansa kamar yadda ka ji ta daga bakin dattawa, ka kuma nuna abin da ginin kansa ya gaskata daga cikinta.